KIRSIMETI DA RUMBU: YADDA ZA MU YI BIKI DA YARA DA DANGI BA TARE DA BASHI BA

Hunturu ya sauka. Wanda ya bi hanyar Jega da sassafe a wannan lokaci zai ga hazo ya rufe gulbin Zamfara, masu lambu sun naɗe kunnuwansu suna fama da injin ban ruwa. A Aliero ana ta dashen albasa, fangali bayan fangali. A wajen Maiyama ana ƙarasa yankan dawa, wasu suna bugun shinkafa, wasu suna ɗaurin dami. A gidajenmu kuwa tambaya ɗaya ce a bakin yara safe da yamma: "Baba, saura kwana nawa?"

'Yan'uwa manoma, mun san yadda zamanmu yake a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Mu Kirista ba mu da yawa. Da dama daga cikinmu asalinsu ƙasar Zuru ne ko Yawuri, wasu daga Filato ko kudancin Kaduna, wasu kuma daga Kudu kasuwanci ya kawo su. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da masu aiki a jami'ar Aliero wadda aka kafa a 2006, kusan kowa kuma yana taɓa noma, ko a gonarsa ko a ta aro. Saboda haka in Kirsimeti ta zo, ɗayan biyu ne. Ko mu kwashi yara mu tafi gida wurin dangi, ko kuwa dangi su zo su same mu. Ko wanne aka yi, kuɗi ne za su fita, kuɗin manomi kuwa a rumbu suke.

ABIN DA YA SA MUKA ƊAUKO WANNAN MAGANA

Wata shekara, a tsakiyar damina, wani dattijo ɗan ƙungiyarmu ya zo wurinmu da yamma. Bayan gaisuwa ya yi shiru, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Can sai ya ce, "Malam, ko akwai sauran hatsi a ma'ajin ƙungiya? Rumbuna ya ƙare."

Muka yi mamaki, gama mun je gonarsa da kaka, mun ga abin da Allah ya ba shi. Muka ce, "Baba, yaya aka yi? Gara ce ta shiga, ko kuwa ɓarayi?"

Ya girgiza kai ya ce, "Kirsimeti ce ta shiga."

Ashe a watan Disamba ya kai buhu huɗu kasuwa. Biyu suka tafi wajen atamfa da shadda da kuɗin tela, domin an yi anko a gidan surukansa, ba ya so a ce nasa 'ya'yan ne suka fita daban. Ɗaya ya tafi kuɗin mota. Na huɗu ya tafi wajen akuya da lemon kwalba. Da aka koma makaranta a Janairu ya sake fid da ɗaya. Ga shi yanzu lokacin noma na biyu, gida ba abinci, ya bar gonarsa ciyawa tana ci, yana zuwa ƙodago a gonar wani domin ya sami abin awo. Biki na kwana biyu ya ci hatsin bara, yana kuma neman ya ci na bana.

Ba shi kaɗai ba ne. In za mu faɗi gaskiya, da wuya a sami wanda bai taɓa yin irin wannan ba a cikinmu, har da mu masu rubutun nan. Don haka ba faɗa muke yi wa kowa ba, shawara muke yi da juna.

A FARA DA LISSAFIN RUMBU

Kafin a je wurin tela, a shiga rumbu tukuna. Maigida da uwargida su zauna tare su yi wannan lissafi, gama ita ce ta san abin da tukunya take ci.

Daga ran 25 ga Disamba zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da ake sa ran sabon gero ya kusa, kwana wajen 250 ke nan. A ce gida yana da mutum tara, yana cin tiya biyu a rana. Tiya 500 ke nan. In buhu yana cin tiya 40, gidan yana bukatar buhu 12 da rabi. A ƙara iri, a ƙara zakka da baikon godiya, a ƙara ɗan abin da za a ajiye domin ciwo ko rasuwa. Abin da ya ragu bayan wannan, shi ne na sayarwa. In babu ragowa, to, babu na sayarwa ke nan, sai a nemi wata dabara.

Yanzu ku dubi wani abu. A ce dangi tara sun zo sun yi mako guda cur a gidan. Abin da za su ƙara ci tiya 14 ne, bai kai rabin buhu ba. Amma anko ɗaya ya cinye wa dattijon nan buhu biyu. Ashe baƙi ba su ƙare rumbu, kasuwa ce take ƙare shi. Kada wani ya ji wannan magana ya ce malaman gona sun ce a daina karɓar dangi. A karɓe su hannu biyu. Wurin da ya kamata a ja linzami shi ne wurin sayayya.

Mu tuna kuma, lokacin kaka kowa yana kai hatsi kasuwa, don haka galibi a lokacin ne ya fi araha. Yawancin shekaru wanda ya sayar a Disamba yakan sayo da tsada a Yuli. Akwai shekarar da farashi yakan faɗi ya daɗe a ƙasa, kamar yadda manoma suka koka a 2025, amma wannan ma bai taimaki mai sayarwa ba, gama sai ya fid da buhu uku kafin ya sayi abin da dā buhu biyu zai saya. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa a fadamun Jihar Kebbi, sun san amfanin hatsin da ya kwana a rumbu.

ADASHI DA WATANDA

Kakanninmu sun bar mana dabaru biyu waɗanda ba su tsufa ba.

Na farko adashi. Kirsimeti ba ta zuwa ba zato, kowa ya san ranarta tun daga Janairu. Ƙungiyar da ta buɗe asusun Kirsimeti a farkon shekara, kowa yana zuba ɗan abin da ya iya ran taro, za ta raba a ƙarshen Nuwamba ba wanda ya taɓa rumbunsa. Masu albasa sun fi kowa samun sauƙin wannan. Kuɗinsu yana shigowa ne wajen Maris da Afrilu, ko kuwa daga baya in sun adana albasar a rudu har ta yi daraja. A ware na Kirsimeti tun a ranar ciniki, a damƙa wa ma'ajin ƙungiya, a rubuta a littafi gaban shaidu biyu. Kuɗin da ya zauna a aljihu wata takwas, mun san ba ya kai labari.

Na biyu watanda. Maimakon kowane gida ya sayi akuyarsa a makon Kirsimeti, lokacin da masu dabbobi suka san muna cikin matsi, gida goma ko goma sha biyar su haɗa kuɗi su sayi sa guda tun da wuri, wani ya kiwata shi da harawa da dusa. Ran 24 a yanka a kasa kashi-kashi daidai. Muna roƙon kowace ƙungiya ta ƙara kashi ɗaya ko biyu a kan adadin masu zubi, domin gwauraye da marayu na cikin ekklesiya. In an raba nauyin a kan gida goma sha biyar ba wanda zai ji shi.

Game da shinkafa, ba mu ga dalilin da zai sa mutumin Kebbi ya ci bashi domin shinkafar waje ba. A Disamba na 2016, gab da Kirsimeti, gwamnatocin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar da suka sa wa suna Lake Rice, mutanen Legas suka yi ta layi suna saye. Shinkafar fadamarmu ce aka gyara aka zuba a buhu. In an turara ta da kyau, aka shanya a kan tabarma ko leda ba a ƙasa ba, aka tsince tsakuwa, ba baƙon da zai raina ta. Albasa da tumatir da tattasai kuwa ga su a lambu.

A TAFI GIDA KO A ZAUNA?

Zumunta a ƙafa take, haka ne. Yaron da aka haifa a Jega, in ba a kai shi gida ba, zai girma bai san kakarsa ba, bai ji harshen iyayensa a bakin tsofaffi ba. Wannan hasara ce babba. Amma akwai abubuwa uku da za a auna kafin a hau mota.

Na ɗaya, kuɗin mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya ga yadda tafiya ta koma. A lissafta zuwa da dawowa, a ware na dawowa a ɗaure shi dabam. Sau da yawa mun ga iyali sun maƙale a ƙauye har an koma makaranta, domin an kashe kuɗin komowa a wurin biki.

Na biyu, hanya. Mai zuwa Zuru daga nan zai bi ta Maiyama zuwa Koko, sa'an nan ya karya ta Mahuta zuwa Dabai. A shekarun nan wasu sassan ƙasar Zuru da Yawuri sun sha wahalar 'yan bindiga, ba mu manta da ɗaliban da aka kwashe a Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ba. A tambayi na gida halin da ake ciki kafin a tashi. A yi sammako, kada dare ya yi wa mai yara a hanya. In na gida suka ce a dakata, a dakata, ba rashin bangaskiya ba ne. Wani lokaci ya fi sauƙi a aika kuɗin motar mutum biyu, Kaka da mai rako, su zo su yi mako biyu a nan, da a kwashi mutum takwas a tafi can.

Na uku, lambu. Saiwar albasa ba ta nisa a ƙasa, sabon dashe kuwa ba ya jure ƙishi, balle a ƙasa mai yashi da iskar hunturu. Wanda ya rufe injinsa ya tafi kwana goma zai dawo ya tarar da abin baƙin ciki. Nan ne amfanin ƙungiya yake. A taron farkon Disamba a rubuta sunayen masu tafiya da masu zama. Mai tafiya ya bar man inji, ya nuna wa mai zama fangalinsa da ranar ban ruwansa. Baɗi sai a juya, wanda ya zauna bana shi ne zai tafi. Wasu 'yan'uwa kuma maƙwabtansu Musulmi ne suke duba musu lambu a Kirsimeti, su kuma su rama musu a lokacin Salla. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, a riƙe shi.

ME YARA SUKE SO?

Bari mu ba ku labarin gidanmu. Shekarar da ɗanmu na fari ya cika huɗu, muka ce lalle sai ya fita kunya. Muka saya masa kwat da takalmi sau-ciki, rabin kuɗin ma bashi ne. Ran Kirsimeti tun ba a gama waƙar farko ba takalmin ya fara cizonsa. Ya yi ta kuka har mahaifiyarsa ta fita da shi, ita ma ba ta ji wa'azi ba. Da aka dawo gida ya tuɓe kome ya shiga cikin 'yan'uwansa da tsohuwar rigarsa. Bayan wata biyu muka tambaye shi abin da ya tuna na Kirsimeti. Ya ce shi ne ya zama tunkiya a wasan makarantar Lahadi, kuma Kaka ta gasa masa dankali a toka ta yi masa tatsuniyar Gizo. Kwat ɗin ko ambatonsa bai yi ba. Mu kuwa muna nan muna biyan bashinsa.

Tun daga ran nan muka gane yawancin abin da muke cewa domin yara muke yi, domin idon manya muke yinsa. Yaro yana son sabuwar riga, gaskiya ne, kada a hana shi in da hali. Amma riga ɗaya mai ƙwari, wadda aka ɗinka da ɗan sakewa yadda zai sa ta har baɗi, ta isa. A kai wa tela tun Nuwamba. Rigar sanyi da silifa sun fi masa amfani a wannan wata fiye da kwat. In dangi suka kawo maganar anko, wanda ba shi da hali ya faɗi gaskiya tun da wuri. Kunyar rana ɗaya ta fi yunwar damina sauƙi.

Ga abubuwan da muka ga suna faranta wa yara rai, ba su kuwa cin kuɗi:

1. A ba kowane yaro aiki a wasan haihuwar Almasihu. Wanda bai iya haddace aya ba ya iya zama makiyayi ko tunkiya. 'Ya'yanmu sun san garke, sun san komin dabbobi, sun san sanyin dare a fili. Labarin da ke cikin Luka sura 2 ya fi kusa da su fiye da yaran birni.

2. A bar su su taɓa aikin biki. 'Yan shekara biyar suna iya tsince shinkafa, su yanka cincin da murfin kwalba, su share tsakar gida. Abincin da yaro ya sa hannu a ciki ya fi masa daɗi.

3. A ba Kaka dare ɗaya nata. A kashe rediyo, a ajiye waya, a zauna a yi tatsuniya da kacici-kacici. Ta faɗa musu sunayen kakanninsu, da yadda bishara ta fara shiga ƙauyensu, da yadda ake bikin Uhola bayan kaka in mutanen Zuru ne. In da waƙar Kirsimeti a harshen gida, ta koya musu. Tsofaffin nan ba za su dawwama tare da mu ba.

4. In za a yi wa yaro kyauta, a gwada ba shi abu mai rai. Budurwar kaza ɗaya ta fi motar roba wadda za ta karye kafin sabuwar shekara. Kaza takan kwanta a kan ƙwai kwana 21. In an yi mata rigakafin farin kashi, gama hunturu ne lokacin wannan cuta, kafin wata Kirsimeti yaron yana da kajinsa, har ya fid da zakkarsa da hannunsa.

5. A aike su da kwanon abinci gidan maƙwabta da gidan wanda ba shi da lafiya, tare da babba. Ta haka za su koyi cewa ranar bayarwa ce. In sun fita yawon gaisuwa, a haɗa ƙanana da manya, a gaya musu gidajen da za su shiga da lokacin dawowa, kada su kai magariba. Kuɗin da aka ba su, a ƙirga tare da su a sa a asusu. Uwar da ta karɓe ta ce za ta ajiye, ta ajiye ɗin da gaske.

Wajen rabon nama da kyauta, a yi hankali da marayu da 'ya'yan riƙo da 'ya'yan baƙi. Yaro yana gani. In an ba ɗan gida cinya aka ba maraya ƙafa, zai riƙe wannan har ya yi furfura.

LAFIYAR YARA A CIKIN TARO

Inda mutane suka taru daga wurare dabam dabam, cuta ma takan zo biki. Rigakafi ya fi magani.

A duba katin asibiti na kowane ƙaramin yaro kafin tafiya. Allurar ƙyanda ana yinta a wata 9, a sake a wata 15. Wanda lokacinsa ya yi, a kai shi tun yanzu. Jariri sabon haihuwa kada a yi ta miƙa shi hannu hannu cikin masu tari da mura.

Kada a cusa yara goma sha a ɗaki ɗaya a toshe taga saboda sanyi. Cunkoso da ƙura su ne abokan sanƙarau, kuma ba mu manta ba a farkon 2025 wannan ciwo ya ɗauki rayuka a Gwandu da Aliero da Jega. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a ce sai an gama biki. Haka kuma mai tari wanda numfashinsa yake sauri, haƙarƙarinsa yana shiga ciki.

Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kada kuma a tada janareto a cikin ɗaki ko a bakin taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A sa wa yara riga biyu da hula, a rufe su da bargo.

Wurin suya, a sa babbar yarinya ɗaya ko saurayi aikinsa ke nan ya tsare masu rarrafe nesa da murhu. In tsautsayi ya faru yaro ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har wajen minti 20, sa'an nan a tafi asibiti. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko man goge haƙori. Abin fashewar nan da yara suke kira nokawut kuwa, muna roƙon iyaye su hana. Kara da dami da jinka duk sun bushe, ga iska, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumbun unguwa. Ban da haka, a zamanin da muke ciki ƙararsa tana tsorata mutane.

Shinkafa da miyar da suka kwana, a tafasa su sosai kafin a ba yara. In gudawa ta kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi wanda ake samu a asibiti. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Mai shan nono a ci gaba da ba shi.

DANGI DA MAƘWABTA

Akwai wadda ba ta cin Kirsimeti a gidaje da yawa, ita ce uwargida. Tun asuba tana bakin murhu, ba ta je sujada ba, in ta je ma gyangyaɗi take yi. Maza, wannan bai dace ba. Itace da ruwa da niƙa, samari su gama su tun ran 23. Matan da suka zo baƙunci su raba kwanakin girki. Amaryar da aka kawo gidan miji karo na farko, kada a mai da ita baiwar gida domin a gwada ta.

Maganar gado, da rikicin gona, da bashin da ke tsakanin wa da ƙane, kada a tashe su a gaban yara ko a kan abinci. In lalle sai an yi, a sa rana bayan biki, a kira Kawu ko Baffa ko dattijon ekklesiya ya zauna. Giya kuwa mun san abin da take yi. Dawar da aka dafa burkutu da ita daga rumbu ta fito, faɗan da yake biyo baya kuma yara ne suke kwana da tsoronsa.

A gidaje da yawa na ƙasar Zuru da Yawuri, uwa ɗaya uba ɗaya, wani Kirista ne, wani Musulmi, wani yana bin al'adar gargajiya. A nan Jega da Aliero da Maiyama kuwa kusan dukan maƙwabtanmu Musulmi ne. Tun dā iyayenmu sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu dabbar Kirsimeti, domin kowa ya ci da kwanciyar rai. Mu riƙe wannan. A zuba nasu tun da zafi a kwano mai tsabta. Wanda ya karɓa mun gode, wanda ya ce a yi masa haƙuri kada a ji haushi, a gaishe shi kamar kullum. Su ne muke haɗuwa da su a bakin rijiya da fadama da kasuwa sauran kwanakin shekara.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Ubangijinmu ba. Shaidar farko da ake da ita ta yin bikin ran 25 ga Disamba daga birnin Roma take, a shekara ta 336. Har yanzu 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar ran 7 ga Janairu suke nasu. Balle a ce an umarce mu da anko ko lemon kwalba. Amma akwai abin da aka rubuta. Sa'ad da Yusufu da Maryamu suka kai Jaririn Haikali, 'yan tsuntsaye biyu suka miƙa. In kun duba Littafin Firistoci sura 12 za ku ga wannan shi ne hadayar da aka yarda wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Iyalin da aka danƙa wa Mai Ceto sun kawo abin da suke da shi, ba su ci bashi domin idon mutane ba, Allah kuwa ya karɓa.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba, a kuma amsa tambayoyin nan huɗu kafin a tashi. Su wa za su yi tafiya, wa zai ba lambunsu ruwa? Gida nawa za su shiga watanda, kashi nawa za a ware wa gwauraye da marayu? Akwai wanda lissafin rumbunsa bai kai Agusta ba, me ƙungiya za ta yi tun yanzu? Ran nawa ga Janairu za a buɗe asusun Kirsimeti ta baɗi, wa zai riƙe littafi?

Dattijon nan da muka ba ku labarinsa, ƙungiya ta ranta masa buhu biyu, ya biya da kaka. Shekarar da ta biyo ya shiga watanda, ya aika aka ɗauko mahaifiyar matarsa ta yi mako biyu a gidansa. Da muka je gaishe shi ran 26, muka tarar da tsohuwar a kan tabarma, jikoki sun kewaye ta, shi kuwa yana shirin tafiya ban ruwa. Ya nuna mana rumbu da haɓa ya ce, "Malam, bana ba ta shiga ba."

Allah ya kai mu lafiya, ya tsare masu tafiya, ya albarkaci yaranmu da aikin hannuwanmu. Barkanmu da Kirsimeti.